Gemun Deda Kondrat

An binne wata tsohuwa, Tanti Matriona ta ƙauyen Stufeni, da makonni, sai ga takarda ta iso ofishinmu na inshorar lafiya tana cewa an yanke mata tawadar Allah a kafaɗa, an ɗinke, a biya. Sa hannun na Dokta Agafia Evtei ne, likitar fata. Da aka tona, sai ga wasu tsofaffin a bayan mamaciyar, duk masunta da matansu, kowa an ce an yanka an ɗinke. Kafin la'asar labarin ya riga ni isa kasuwar kifi.

Garinmu ya ji daɗi, ba zan ɓoye ba. An daɗe ana cika mana kunne da cewa Agafia waliyyiya ce, mai shiga jirgin ruwa ta bi tsofaffi har cikin kyauro. Mai burodi ta ce ita dama ba ta taɓa yarda da mace mai yawan murmushi ba. Wanzami ya ce sabon fentin gidansu ba daga sama ya faɗo ba.

Ni ma na ji daɗi, kuma na fi kowa dalili. Benci ɗaya muka zauna da Agafia a sakandare. Jarrabawar shiga makarantar likitanci ɗaya muka rubuta, ta ci, na faɗi. Saurayi ɗaya muka hango a wani biki, Silviu, dogon akanta da aka turo daga Brashov, can garuruwan tudu. Ya yi rawa da ni, ya aure ta. Ni ce Otilia Manole, aikina bin sawun likitoci: in sun ce sun yi wa mutum aiki, in je in ga ko sun yi. Abokan aikina takarda suke bi, ni fata nake bi, don wuƙar likita ba ta wucewa ba tabo.

Shugabana ya turo mini fayil ɗin ya ce, "In ya tabbata, lasisinta ya tafi, daga nan sai kotu. Za ki iya? An ce ƙawarki ce."

Na ce, "An dai ce."

* * *

Asibitin nasu ƙarami ne, ƙofa biyu a baranda ɗaya. Ta dama kujerun fata da ƙamshin turare, ta Dokta Dorin Balan ke nan. Ta hagu benci da warin hayaƙin kifi, ta Agafia. Na fara da Dorin, don in ta faɗi, ginin duka nasa zai zama.

Ya miƙe ƙafafu ya ce, "Otilia, ke ma kin san lissafin. Wa ke shigo mini? Yarinyar da ta dawo daga Italiya da inshorar kamfani, ko matar mai otal da kuɗi a jaka. In goge mata ƙuraje uku, in faɗi abin da ya zo bakina, ta biya har da godiya. Wa ke shigar mata? Ɗan fansho mai katin gwamnati, wanda rana ta gasa a kan ruwa tun yana yaro. Ciwon gaske yana wurinta, kuɗin yana wurina. Ku kuma abin da kuke biya na dubawa ko miyar kifi bai saya ba, sai an yanka kuke sakin hannu."

"Wato ta yi ke nan."

"Wato da ni ne a kujerarta da na yi tuntuni." Ya yi dariya shi kaɗai.

"Kana jin haushinta?"

Ya buɗe ƙofa ya nuna mini baranda. A bakin ƙofar Agafia akwai bokiti da ƙaton kifi a ciki, da kwalbar zuma, da tawul mai ado.

Ya ce, "Yau fa ke nan, ranar da ake kiranta ɓarauniya. Ni tun da na fara aiki ko ƙwai ba a taɓa kawo mini ba. Biyana ake yi."

Na fahimce shi fiye da yadda ya zata. Na kuma ajiye shi a raina cikin waɗanda zan sake dubawa.

* * *

Fevronia ce nas ɗin Agafia, 'yar ƙauyukan kogi kamarta, 'yar tsohon coci, ɗariƙar da mazanta ba sa aske gemu. A kasuwa an riga an gaya mini ta yi sababbin 'yan kunne na zinariya, don haka kunnenta na fara kallo.

Ta ce, "Kalla da kyau. 'Yata ce ta aiko, wadda ke wanke wa Sifaniyawa banɗaki. Ko ita ma za ku bincike ta?"

Na ce, "Ta yaya katin mamaciya ya shiga na'ura?"

Ta jawo wani gwangwanin biskit daga kabad ta cire murfin. Cike yake da katunan inshora, an ɗaure na kowane ƙauye da roba.

"Ranar Alhamis likita ke shiga jirgi ta duba su a can, in ta dawo mu saka katunan. In muka bar musu, kogi ke cinyewa. Wanda ya faɗa ruwa, wata nawa kuke yi kafin ku ba da sabo?"

"Kin san doka ta hana."

"Dokar ba ta taɓa shiga kwalekwale ba."

"Wa ke iya buɗe kabad ɗin?"

"Duk mai hannu. Ga makulli can a ƙusa. Ni nakan shigar da takardun, likita takan shigar, Dokta Dorin yakan ari kwamfutar in tasa ta ƙi, maigidan likita kuma ya zo ranar Lahadi ya haɗa lissafi."

"Matriona fa?"

Ta rufe gwangwanin a hankali. "Ni na yi mata wanka. Likita ce ta riƙe kyandir a gaban akwatin. Ki gaya mini, wane ɓarawo ne zai yi sata da sunan gawar da ya raka?"

Tambayar ta bi ni har titi. Mai son kuɗi yakan nemi sunan da ba za a lura ba. Wannan kuwa kamar so yake a kama shi.

* * *

Rabona da gidan Agafia tun ranar aurenta. Na shiga ina ƙirga abin da take da shi: itacen inabi a tsakar gida, labulen da ta gada, da miji mai dafa wa baƙi gahawa da hannunsa. Silviu ya yi furfura, kuma furfurar ta yi masa kyau, abin da ya ƙara ɓata mini rai.

Ya ajiye mini kofi ya ce, "Otilia, ba ki tsufa."

"Kai kuma ba ka daina ƙarya."

Ya tsaya bayan kujerar matarsa ya dafa kafaɗarta. "Na gaji da ce mata ta rabu da mutanen kogin nan. Alhamis ta tafi, Asabar ta dawo da cizon sauro da labarin ƙurajen wasu. Ni ƙafata ba ta taɓa shiga jirgin nan ba, ba kuma za ta shiga ba. In kun karɓe kwantiragin gwamnatin, ku riƙe. Sai ta zauna a gari ta duba masu biya kamar Dorin, mu ci abincin dare tare kamar kowa."

Na ce, "Ba kwantiragi ake magana ba. Lasisi ne, da kurkuku."

Gahawa ta zube daga kofin da ke hannunsa. Ya ce bari ya ɗauko tsumma, ya fita. Na ce a raina, dubi yadda ake son mace.

Na miƙa wa Agafia sunayen. Ta bi su da yatsa tana girgiza kai, har ta zo kan ɗaya ta tsaya. Na leƙa. Kondrat Varona, tawadar Allah a haɓa, an yanka an ɗinke. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta dubi ƙofar kicin, ta dawo da idonta kaina.

Ta ce, "Ni na yi. Rubuta, Otilia."

"Duka?"

"Duka. Kuɗin ba ya isa, kin ji daga Dorin."

Wannan ranar na daɗe ina jira. Biro yana hannuna, da layi biyu na gama da ita, gobe kasuwa ta ce Otilia ce ta kama waliyyiya. Na so in rubuta, wallahi na so. Sai dai kunnuwanta sun yi ja, kamar yadda suke yi a aji in ta ɗauki laifin wata. Kuma in zan kayar da Agafia, so nake ta faɗi da gaske, ba ta kwanta mini da kanta kamar mai ba ni sadaka ba.

Na mayar da biron jaka na ce, "Ba na rubutawa sai na ga fata."

* * *

Jirgin safe ya kai ni Stufeni. Kafin in sauka ƙauyen ya san abin da ya kawo ni, tsofaffi sun jeru a gindin bangon coci suna naɗe hannun riga.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Da yawa suna da tabon aikinta, ɗinki siriri mai kyau da na sani, amma ba a inda takardun suka ce ba. Wanda aka ce an yanka a kunne, nasa a bayan hannu yake, kuma ya tsufa. Wata tsohuwa ta buɗe mini wuyanta da sauri.

"Ga nawa, 'yata. Likita ce ta yi."

Na duba. Sabon rauni ne, jini bai gama bushewa ba.

"Tanti, wannan ƙugiyar kamun kifi ce."

"To ƙugiyar likita ce."

Sauran suka kwashe da dariya, ni kuwa ban yi ba. Mace ta yagi wuyanta da ƙugiya saboda Agafia. Ni ko maƙwabciyata ba ta shayar mini da furanni in na yi tafiya.

Kondrat Varona bai shiga layin ba. A cikin coci na same shi yana goge fitilu, shi ne mai karatu a wurin ibadarsu, kowa Deda yake kiransa, wato kaka. Da ya juyo sai na tsaya. Farin gemu ne tun daga ƙasan ido har tsakiyar ƙirji.

Na ce, "Deda, takarda ta ce an yanke maka tawada a haɓa."

Na zaci zai yi dariya. Sai ya ajiye tsumman. "Wa ya gaya miki akwai ta?"

"Akwai ta?"

Ya ja ni bakin taga ya raba gemun da yatsunsa. Tana nan, baƙa, gefenta ba daidai ba, ta kai ƙwayar wake. Ni da na faɗi jarrabawa ma na san ba abin wasa ba ce.

Ya ce, "Tun bara take bina in bari ta yanke. Sai an aske, in ji ta. Aska ba ta taɓa fuskar nan ba tun ranar aurena, haka ubana ya tafi, haka kakana. Da wace fuska zan tsaya in yi wa mutane karatu? Na sa ta rantse ba za ta rubuta ba, ba za ta gaya wa 'ya'yana ba, ko Fevronia. Ni na sani, ita ta sani, Allah ya sani."

Na gaya masa halin da take ciki, ban rage komai ba. Ya shafa gemun.

"In aka yanka yau, takardar ta zama gaskiya?"

"A'a, Deda. Ranar da aka rubuta ta wuce."

"Da na ce a kawo aska."

Haka ya faɗa, kamar mai cewa a kawo gishiri. Na kau da kai na kalli fitilun, don kada ya ga abin da ke fuskata. Sannan na ce ya biyo jirgin gobe ya zo gari, da gemunsa yadda yake.

A hanyar dawowa na yi ta juya abin. Da farko ya yi kama da igiya a wuyan Agafia, tunda ita kaɗai ta san tawadar. Amma ita 'yar tsohon coci ce, ta san duk wanda ya ɗaga ido ya ga Kondrat ya gama karanta ƙaryar. Wanda ya rubuta takardar nan ya san abin da ke ƙarƙashin gemun, bai san akwai gemun ba.

* * *

Na tara su a barandar asibitin da hantsi. Deda Kondrat na zaunar a benci, hularsa a gwiwa, ban ce wa kowa komai ba.

Fevronia ce ta fara zuwa, ta durƙusa ta sumbaci hannunsa. Dorin ya shigo yana kaɗa makullin mota. "Deda, har yau ba ka sayar mini da gemun nan in yi tsintsiya ba?" Tsohon ya ce kuɗinsa ba zai kai ba. Agafia ta gan shi ta tsaya cik. Silviu ne ƙarshe, riƙe da rigar sanyinta.

Ya dubi bencin ya ce, "Baba, yau ba a duba kowa. Ka dawo wani makon."

Na ce, "Bar shi, jirgi yake jira. Silviu, matarka ta amsa laifi. Amma in ko aiki ɗaya ya tabbata an yi, alƙali zai sassauta. Na Kondrat Varona nake shakka. Kana da abin cewa a kai?"

Agafia ta ce, "Otilia, don Allah."

Bai ji ta ba. Ya rame cikin kwanakin nan, ya cafke maganata da hannu biyu. "An yi wannan. Da idona na gan shi ya fito daga ɗakin nan, filasta a haɓa. Tawada ce baƙa, ta daɗe tana damun Agafia."

"Filasta a kan haɓar?"

"A kan haɓar."

Dorin ya dubi bencin, ya dubi Silviu, ya cire tabarau. Fevronia ta ce, "Wace tawada? A ina mutum zai gan ta?"

Na ce, "Deda, tashi ku gaisa da mijin likita."

Tsohon ya miƙe. "Kondrat Varona," in ji shi, ya ɗan sunkuyar da kai har gemun ya taɓa ɗamararsa.

Na ce, "Fevronia da Dorin sun san gemun, ba su san tawadar ba. Likita ta san duka biyun, shi ya sa ba za ta rubuta wannan ba ko a mafarki. Mutum ɗaya ne a nan ya san tawadar bai san gemun ba, kuma ya san inda makulli ke rataye."

Agafia ta fara juyawa wajen tsohon. "Ka yafe mini, Deda. Shi kaɗai na gaya wa, na kasa barci da abin ni kaɗai." Sannan ta dubi mijinta, muryarta ƙasa ƙasa. "Na gaya maka gemun, Silviu. Duk ranar da na faɗi tawadar, sai na faɗi gemun."

Ya zauna a bencin marasa lafiya, rigarta har yanzu a hannunsa. "Ban ji ba. Da kin fara zancensu nake ƙara muryar talabijin." Ya goge fuska. "Kin san fatar kowa a kogin nan. Ni na yi wata guda da ƙaiƙayi a gwiwar hannu, Dorin ne ya ba ni magani. Su kuwa ko kuɗin kirki ba sa kawowa, katin gwamnati da bokitin kifi, amma su ke da ke. Na sa sunan Matriona don a gane da wuri. Na ɗauka kwantiragi kawai za a karɓe, ki dawo gida. Matata nake so a gida ranar Alhamis, shi ke nan."

Agafia ta miƙa hannu ta karɓi rigarta.

Na tsaya ina kallon mutumin da na yi rabin rayuwata ina ƙyashin an ƙwace mini. Na nemi daɗin da na zo nema, ban same shi ba. Abin da na gani a bencin nan ciwona ne, sai dai nasa ya kai ga yanka.

* * *

Lasisin Agafia ya tsira. An ci ta tara saboda gwangwanin biskit, Fevronia ta biyo ni har titi da zagi a kan haka. Maganar Silviu tana kotu, ya koma wurin 'yar'uwarsa a Brashov. Mai burodi ta ce ita dama ba ta taɓa yarda da mutanen tudu ba.

Da lokacin kaka ya shigo, wata takarda ta iso teburina. Kondrat Varona, tawadar Allah a haɓa, an yanka an ɗinke, sa hannun Dokta Evtei. Shugabana ya ce ko makaho ba zai biya wannan bai gani ba. Na hau jirgin Alhamis.

Agafia tana ciki, jakarta a cinya. Ta matsa mini na zauna, kamar a benci na da. Mun yi nisa kafin ta ce, "Da kin rubuta ranar nan."

"Na so."

"Na sani. Tun muna aji nake ganinki."

A Stufeni wani tsoho ya tarye mu a bakin ruwa ya karɓi jakarta. Sai da ya yi magana na gane shi. Goshinsa baƙi ƙirin da rana, haɓarsa fara sol kamar ta jariri, ga siririn ɗinki a ƙarƙashin leɓe.

Ya ce mini, "Duba, 'yata, aikinki ne. Likita ta yarda ta rasa aikin hannunta saboda wani, ni me zan riƙe gashi in yi da shi? Zai sake fitowa in Allah ya ba da kwana."

Na taɓa tabon da yatsa, na sa hannu a takardar a kan gwiwata. Suka wuce gaba, shi da jakarta, mata suna fitowa daga gidaje suna kiran sunanta, ni ina biye da fayil a hammata.

A kan Silviu na daina kishinta tun ranar baranda. A kan gemun nan kuwa ban ga ranar dainawa ba.